Wa Ke da Bakin Titi? Waiwaye a Kan Tarihin Gine-ginen Titin Zariya a Kano

A wannan karon na ɗan jingine alƙalamin ƙagaggen labari gefe guda, domin in yi magana a kan wani abu da kullum muke ratsawa ta cikinsa amma ba mu cika tambayar asalinsa ba, wato ɗan filin nan da ke tsakanin kwalta da katangar gini a bakin manyan titunanmu. Titin Zariya na birnin Kano zan ɗauka ya zama abin misali, saboda shi na fi sani, kuma ta nan ne kayan Kudu da baƙin Kaduna da Abuja suke shigo mana. Duk wanda ya taso daga gadar Dangi ya miƙe ta Gyaɗi-Gyaɗi, ya wuce Unguwa Uku da Na'ibawa har ya kai Ɗangwauro, zai ga da ƙyar ake samun taku ashirin da babu shago, ko gidan mai, ko rumfar mai faci, ko bene mai hawa uku da aka yanyanka shi shago-shago. Idan ka tsayar da ɗaya daga cikin masu wuraren nan ka ce wa ya ba ka izni, ba zai yi inda-inda ba, takarda zai zaro maka. To amma takardar nan ba ta cika hana katafila zuwa ba, kuma dalilin haka yana da tarihi mai tsawo, wanda ya girmi duk gwamnonin da muke zagi ko yabo a kan maganar filaye.

Kafin zuwan Turawa Kano ba ta rasa tsari ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi, ciniki ya sami mazauni a tsakiyar gari. Masu sana'a kuma kowa da unguwarsa, sunayen kaɗai sun isa shaida: Dukawa, Soron Ɗinki, Lokon Maƙera, ga marinar Ƙofar Mata. Fatake masu raƙuma da jakuna a zango suke sauke kaya. Ƙasa ta Sarki ce, mai unguwa shi ne idonsa. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta mutanen birnin da kimanin 30,000, ya kuma tarar da gonaki da fili fetal a cikin ganuwa. Abin lura a nan shi ne, bakin hanya a wancan zamani ba dukiya ba ce. Babu mai hankalin da zai bar cikin ganuwa ya je ya kafa rumfa a gefen turbar fatake, inda mahara za su yi awon gaba da shi da kayansa. Tsadar bakin hanya mota ce ta kawo ta.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Shekara bakwai bayan haka, a 1910, suka fito da dokar da ta ce duk ƙasar Arewa tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita ne domin amfanin 'yan ƙasa. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana da kyau, don za mu sake cin karo da ita nan gaba cikin sababbin tufafi. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suka sami fulotai a kusa da tashar jirgi suka gina kantuna. A 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu, Kwarori kuma, wato mutanen Siriya da Labanon, aka zaunar da su a Fagge ta Kudu, wurin da ya haifar da Kantin Kwari. Sai kuma dokar garuruwa ta 1917, zamanin Gwamna Lugga, wadda ta kasa garuruwan Nijeriya aji uku, Ikko kaɗai a aji na ɗaya, Kano a aji na biyu. A ƙarƙashin wannan tsari ne aka ce a bar fili mai faɗin yadi 440, wato kusan mita 400, tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, ba a yarda ko bukka a kafa a cikinsa ba, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga jikinmu ya kai musu. A garuruwa da dama irin wannan fili ne daga baya ya zama wurin sukuwa da wasan folo.

Wannan doka ce ta hana gini da aka auna da igiya aka kuma tsare ta da gaske, kuma ba don lafiyar talaka aka yi ta ba. Bariki tana hannun Joji, an shata mata tituna masu faɗi, an dasa itatuwa, an ce ga inda kanti zai tsaya, ga inda gida zai tsaya. Birni da kewayensa kuwa aka bar wa En'e. Ni a ganina tun daga nan ne Bakano ya ɗauki dokar tsarin gari a matsayin kayan Nasara, abin da ake kiyayewa a Nassarawa da Bompai, a yi watsi da shi da zarar an tsallako.

A 1946 aka yi wata dokar tsara birane da karkara, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932. Amma sai bayan samun mulkin kai, a 1962, aka kafa hukumar tsara Kano da kewayenta, ta kuma ɗauko wani Bature mai suna Trevallion ya zana wa birnin tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. Ƙidayar 1963 ta ba birnin Kano mutum kimanin 295,000. Hukumar nan ta yi ta sauya suna kamar amaryar da ke sauya kaya ranar buɗar kai, a 1990 ta zama KASEPPA, daga baya ta koma KNUPDA da muka sani a yau. Tsarin Trevallion wa'adinsa ya cika a 1983, gari kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Zuwa ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka yi birnin Kano suna ɗauke da mutum sama da miliyan 2.8. Rigar da aka ɗinka wa ɗan shekara bakwai ce ake so magidanci ya sa.

Yanzu bari mu dawo kan titin kansa. Titin Zariya a takarda na Gwamnatin Tarayya ne, yanki ne na babbar hanyar nan mai lamba A2 da ta taso tun daga Kudu ta ratsa Kaduna da Kano ta nufi Daura. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta 1971 ita ke mulkinsa, kuma ma'aunin da ma'aikatar ayyuka ta tarayya take ambata kullum shi ne ƙafa 150, wato mita 45.72, daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe. Duk abin da ke cikin wannan awo na hanya ne. An bar shi ne domin magudanar ruwa, da turakun wuta, da bututun famfo, da wurin da motar da ta lalace za ta raɓe, da kuma ranar da za a buƙaci faɗaɗa titin. Babatunde Fashola, lokacin da yake ministan ayyuka, ya sha nanata wannan adadi yana gargaɗin masu cin bakin hanya. Don Allah duk mai shakka ya sami igiyar awo ya je Unguwa Uku ko Na'ibawa ya gwada da kansa, ya ga a cikin shago na nawa igiyar za ta ƙare.

Sai dai Gwamnatin Tarayya titi kawai take da shi, ƙasar da ke gefensa wani ne mai ita. A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa duk ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Ka ji maganar 1910 ta dawo, Gwamnan ne kawai ya sauya launi. A ƙarƙashin wannan doka, a cikin birni Gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda muka fi sani da satifiket, sai da amincewarsa ake sayar da fili ko a jinginar da shi a banki, kuma yana da ikon ƙwace shi idan ya ce bukatar jama'a ce ta taso. In an ƙwace, diyyar gini da shuka ake biya, ba kuɗin ƙasar ba. An kuma cusa dokar a cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999, ta yadda gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki. Ga kuma na uku, ƙaramar hukuma, wadda tsarin mulkin 1999 ya ba ta kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da shaguna da tireda, da allunan talla. Ita ba ta da titi ba ta da ƙasa, amma tana da rasit.

To a nan gizo yake saƙar. Mutum guda a wuri guda zai iya zama mai laifi a idon Abuja don ya shiga mita 45, mai gaskiya a idon ma'aikatar ƙasa don yana da takardar fili, mai laifi a idon hukumar tsara birni don ba a sa wa zanen gininsa hannu ba, sannan ɗan ƙasa nagari a idon ƙaramar hukuma don bai taɓa fashin biyan haraji ba. A 1992 gwamnatin Babangida ta yi doka mai lamba 88 da nufin ta daidaita wannan, ta ce a kafa hukumar tsara gari a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Jihar Legas ta kai ƙara, a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Hukuncin ya yi daidai da tsarin tarayya, amma a aikace ya ƙara tattara komai a teburi guda, teburin Gwamna.

Akwai wani bawan Allah da nake kai wa littattafaina a shekarun baya, yana da 'yar kwantena a bakin wannan titi, yana sayar da littattafan Hausa da kaset da kayan makaranta. Yana da wata tsohuwar jakar leda da yake tara rasit a ciki, na shekara da shekaru, kowanne da hatimi. Ranar da aka zo kwashe kwantenonin layinsu ya fito da jakar nan yana nuna wa jami'an, babbansu ya duba ya ce masa, “Baba, wannan ai na haraji ne, ba na zama ba ne.” Ya ce, “To ɗana, harajin me nake biya in ba na zaman ba?” Babu wanda ya ba shi amsa, kuma ban ga laifin tambayarsa ba. Bai fi wata shida ba na wuce ta wurin na ga an kafa wasu kwantenonin, sababbi fil, da fenti iri ɗaya.

Yadda kasuwa ta mamaye titin ma ba haka kawai ta faru ba, hukuma da kanta ta kira ta. In mai karatu ya lura, kowace babbar hanya da ta fita daga Kano da kasuwar da aka ajiye a bakinta: Dawanau a hanyar Katsina, 'Yankaba a hanyar Haɗeja, kasuwar goro ta Mariri a hanyar Maiduguri. Hanyar Zariya ita ta fi kowa samun rabo, ga tasha da 'Yan Awaki a Unguwa Uku, ga 'Yan Katako da 'Yan Lemo a Na'ibawa. Hikimar ita ce manyan motoci su sauke kaya a bakin gari ba sai sun kutsa ciki ba, kuma hikima ce mai kyau a ranar da aka yi ta. Ina iya tunawa muna yara, in mota ta wuce Na'ibawa sai gonaki, an fita gari ke nan. A zamanin Babangida aka mayar da hanyar Kaduna zuwa Kano tagwaye, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988 shi ma ya zo ya zauna a bakinta. Kasuwa kuwa ba ta zuwa ita kaɗai. Mai abinci zai biyo ta, da mai shayi, da bakanike, da mai faci, da masallaci, da gidan haya. Manoman da ke da gonaki a bayan titin suka ga abin da ake ciki, suka kira dillalai aka yanyanka gonakin awon igiya, ba a bar filin makaranta ba balle na magudanar ruwa. Kafin awon gwamnati ya iso, unguwa ta riga ta yi mai unguwa.

Gidajen mai kuwa nasu labarin daban ne. Ƙa'idar tsohuwar hukumar DPR, wadda aka rushe a 2021, ta ce a bar aƙalla mita 400 tsakanin gidan mai da ɗan'uwansa, kuma a bar mita 15 tsakanin bakin titi da famfon farko. Ban san sau nawa na ƙirga gidajen mai suna kallon juna ko suna jingine da juna a hanyar nan ba, wasu katanga ɗaya ce ta raba su da gidan da mata ke hura wuta. Mai gidan mai ba talaka ba ne, ba kuma da dare ya gina ba. Wani ne ya sa masa hannu.

Wannan sauya wa wuri manufa, a ce gidan zama ya koma wurin kasuwanci, ya fi fitowa fili a Zoo Road, wadda ta balle daga titin Zariya a Dangi. Titi ne da ya samo sunansa daga gidan namun dajin da Gwamna Audu Baƙo ya gina a farkon shekarun 1970, kuma gidajen zama ne a jere a da. Mu marubuta mun san titin nan sarai, don a can ofisoshin 'yan fim suka taru, mun sha hawa benayensa da labari a hammata. A gaban idonmu gareji ya zama shago, falo ya zama ofis, aka rushe katanga aka fitar da ƙofofi biyar suna kallon titi. A 2014 aka buɗe katafaren kantin Ado Bayero Mall a kan titin, abin ya ƙarasa. Hatta Nassarawa, inda muka saba ajiye gidan Alhaji mai kuɗi a littattafanmu, da shuke-shuke da maigadi da shiru kamar ba kowa, yau makarantun kuɗi ne da asibitoci da kantuna. Wanda zai rubuta labarin soyayya yanzu sai ya nemo wa Alhajin wata unguwar.

Da cunkoso ya yi yawa sai aka koma gina gadoji. Kwankwaso ya yi ta Ƙofar Nassarawa a zangonsa na biyu, Ganduje ya yi ta Dangi mai hawa uku wadda Shugaba Buhari ya buɗe a 2021, Gwamnatin Tarayya kuma ta fara sake gina hanyar Abuja zuwa Kano a 2018. Gada tana da amfani, ban musa ba. Amma filin da dokar 1971 ta ce a bari domin faɗaɗa titi, da an bar shi, da wani aikin bai ci rabin abin da ya ci ba, da kuma ba a biya diyyar rushe abin da tun farko bai kamata a gina ba.

Abin da ya faru a 2023 ba a titin Zariya ya faru ba, amma babu mai shago a bakin titi a Kano da ya yi barci mai daɗi a watan Yunin shekarar. Gwamnatin Ganduje, daga 2015 zuwa 2023, ta ba 'yan kasuwa filaye da dama na hukuma suka gina shaguna, ta ce hanyar samun kuɗin shiga ce da raya birni. Abba Kabir Yusuf tun kafin a rantsar da shi ya yi gargaɗin a dakatar da gini a irin waɗannan wurare. An rantsar da shi ranar 29 ga Mayu, kafin mako ya zagayo katafila ta fita. Aka rushe gini a filin sukuwa, aka rushe na tsohon otal ɗin Daula, da na sansanin alhazai, da shagunan da aka kewaye Filin Idi da su a kusa da Kantin Kwari, matasa suka bi baraguzai suna wawason rodi da ƙofofi. Kalmar rusau ta shiga bakin kowa. Masu shagunan Filin Idi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, a watan Satumba ta ce gwamnati ta biya su Naira biliyan 30, daga baya a watan Disamba aka sasanta a kan biliyan 3.

Jama'a sun rabu biyu a kan wannan, kowa da jam'iyyarsa, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Waɗannan mutane ba 'yan kwantena ba ne masu rasit ɗin haraji. Takardunsu daga gwamnati suka fito, da sa hannu da hatimi. Kujerar da ta ba su ita ce ta rushe, mutumin da ke kanta ne kawai ya sauya, kuma kowanne a cikin biyun zai iya buɗe dokar 1978 ya nuna maka sashen da ya dogara da shi. Kuɗin ginin na 'yan kasuwa ne, kuɗin diyyar kuma na talakawan jiha ne, waɗanda ba a shawarce su ranar bayarwa ba, ba a kuma shawarce su ranar rushewa ba. Gina shago a jikin masallacin Idi ko a kan badala ɓarna ce, a wurina wannan ba abin ja-in-ja ba ne. Amma tsarin da ke ba mutum guda ikon halatta ta yau, wani ya haramta ta gobe, shi ya sa ɗan kasuwar Kano ba ya tambayar me taswira ta ce, sai dai ya tambayi wa ke sama da kuma saura shekara nawa ya sauka.

A can ƙarshen titin kuma tarihi yana sake maimaita kansa. An gina sabuwar kasuwar zamani a Ɗangwauro, aka keɓe wani sashe nata domin masu sayar da magunguna a sari. 'Yan magani na Sabon Gari suka ƙi tashi, aka yi ta shari'a, har a watan Fabrairun 2024 kotu ta ce su koma, hukumar NAFDAC da ta masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna sama da 1,300 a cikin gari. Dabarar dai ita ce ta 'Yan Lemo da 'Yan Katako, a fitar da kasuwa bakin gari inda akwai sarari. A cikin katangar kasuwar an yi tsari, da layuka da wurin ajiye motoci. A wajen katangar kuwa, daga nan har gadar Tamburawa da Ƙarfi, gonakin da ke kallon kwalta tuni dillalai suka kafa musu duwatsu, kuma fulotin da ke layin farko, wanda rabinsa ke cikin ƙafa 150 ɗin nan, shi ne ya fi kowanne tsada.